Keken tsere na gwanjo da na saya a Bauchi: gudun da aka ce yana yi da gudun da yake yi

Duk mai sayar da keken tsere da ya ce maka keken nan yana kai kilomita 70 a awa, bai yi ƙarya ƙarara ba, amma fa bai gaya maka gaskiya ba. 70 ɗin akwai ta, sai dai a gangara mai tsawo, ka duƙa har haɓarka na neman taɓa kan keken, kana ta salati a zuci, kuma ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Abin da za ka riƙa gani kullum a kwalta miƙaƙƙiya, in dai kai irina ne mai zuwa aiki da cefane ba ɗan wasa ba, tsakanin 24 ne zuwa 28. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya tsayar da ni a Wunti ko Gidan Mai tambayarsa ɗaya ce, "Malam nawa yake gudu?" ba wanda ya taɓa tambayata ko duwawuna na ciwo.

Keken dai tokumbo ne, jikinsa alminiyam, ƙafar gaba da ke riƙe taya kuma kabon ce, wani abu marar nauyi da ba ƙarfe ba. Na ɗora shi a sikelin mai gas ɗin unguwarmu ya nuna kilo 10 da ɗan ɗoriya, wato da hannu ɗaya nake ɗaga shi in haye kwata. Giyarsa Shimano Sora ce, faranti 2 a gaba masu haƙora 50 da 34, a baya kuma 9, daga 11 zuwa 28. Taya siririya mai lamba 700 da 25, wato faɗinta milimita 25. Kan nan mai lanƙwasa ƙasa da yara ke cewa ƙahon rago. Ba kariya, ba madigadi, ba ƙararrawa, ba jak, in ka tsaya sai ka nemi bango ka jingina.

Shagon ba zan kama suna ba, yana nan cikin gari, kekunan yara da na makaranta ne suka fi yawa a wajensa, irin wannan kuma jefi-jefi suke faɗo masa cikin kayan da ake kawo masa daga Kano. In za a yi adalci mutumin yana da kirki. Ya bar ni na hau na zaga ba tare da ya sa yaro ya bi ni ba, ya nuna min ƙarzuwar da ke jikin keken da kansa, ya ɗaga min sirdi, da na nuna masa sarƙar ta ja ya canza ba gardama. Inda muka sha bamban shi ne maganar gudu da maganar girma. Shi a wajensa keke ba shi da lamba, kallonka kawai zai yi ya ce "Alhaji ai kai dogo ne, wannan naka ne", alhali irin wannan keken yana da lamba a jiki, 52, 54, 56, 58, kuma in ka ɗauki wanda ba naka ba bayanka da wuyanka ne za su biya. Ni tun daga gida na san 56 nake nema don haka bai ja ni ba. Sai ya koma kan gudu, "Wallahi Alhaji wannan da mashin yake tsere, wani yaro ya kure ɗan acaba da irinsa a hanyar Jos." Na ce masa to maigida, Allah ya sa ɗan acaban ba mai ya ƙare masa ba.

Tub ɗin canji ba shi da shi, famfon da zai shiga bawul ɗin ba shi da shi, kuma bai faɗa min haka ba sai da na tambaya. Wannan kam bai kyauta ba, zan dawo kai.

Yadda nake auna gudun, waya nake sawa a aljihu da manhajar auna gudu ta Strava a buɗe. Kada ka yarda da abokinka da zai bi ka da mashin yana leƙa mita yana ihu "ka kai 50, ka kai 50", rabin mitocin mashinan garin nan sun mutu, sauran rabin kuma ƙari suke yi. Kuma a wayar ma lamba biyu ce, akwai mafi girman gudun da ka taɓa a tafiyar, akwai matsakaicin tafiyar gaba ɗaya. Ta farkon ce ake ɗauka a hoto a tura wa abokai, ta biyun ce ke gaya maka ƙarfe nawa za ka isa inda za ka.

To ga abin da na gani. Farkon hawana matsakaicina 20 ne zuwa 22, shi ma ina haki. Da jiki ya saba, na koyi canza giya kafin hawa ba a tsakiyarsa ba, sai ya dawo 25, 26, ranar da na yi barci sosai kuma ba iska in ga 28. A hanyar Dass, in ka wuce Yelwa da cunkoson Gwallameji ka miƙe ta Bayara, ina iya riƙe 30 na ɗan lokaci, minti goma ko sha biyar, daga nan cinya ta fara zafi numfashi ya fara fita da ƙara, dole in sassauta. In na tashi tsaye na taka da duk ƙarfina a fili ina taɓa 42 zuwa 45, amma wannan na daƙiƙa goma ne ko sha biyar, bayansa sai ganin taurari. A gangara kuma na ga 55 har da ɗan sama, kuma gaskiya ban ji daɗinta ba, don a wannan gudun idonka ba a kan waya yake ba, yana kan akuyar da ke tsaye a gefen titi tana shawara.

A cikin gari kuwa a manta da duk waɗannan lambobin. Daga Fadaman Mada zuwa Yelwa, da shataletale, da Keke Napep da ke tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga yatsa, da tuddan rage gudu, matsakaicin ba ya wuce 17 zuwa 20. Abin mamakin shi ne duk da haka da safe lokacin kai yara makaranta sau da yawa ina riga mai mota isa.

Don a gane ko keken ya yi wani abu, sai a gwada shi da abin da muka sani. Tsohon Phoenix ko Raleigh irin na iyayenmu, mai giya ɗaya, mai nauyin da ya kusa ninka wannan, mutum na tafiya a kansa 14 zuwa 17 a natse. Keken dutse mai ƙatuwar taya mai ƙuraje irin wanda samari suka fi saya, ni a kansa 19 zuwa 21 nake yi a hanyar da nake yin 25 da wannan. Wato abin da kuɗina suka saya min kilomita 4 ne zuwa 6 a kowace awa. Wani zai ce ashe ba yawa. A tafiyar kilomita 50 kusan rabin awa ke nan, kuma ka sauka da sauran ƙarfi a jikinka, ni a wajena ya biya.

Abin da ya sa gudun ke tsayawa a wajen 30 duk ƙoƙarinka iska ce, kuma wannan shi ne abin da mai shago bai sani ba, yawancin masu saye ma haka. Ba wai iskar da ke kaɗawa ba, ko ganye ba ya motsi kai da kanka kana huda iska da ƙirjinka. Turjiyarta ba ta ƙaruwa daidai da gudunka, in ka ninka gudu sau 2 turjiyar ta ninku sau 4, ƙarfin da za ka kashe don cin ta kuma ya ninku sau 8. Shi ya sa tashi daga 15 zuwa 20 ba ka ma ji, amma daga 30 zuwa 35 sai ka ce wani ne ya riƙe maka riga ta baya. Masu auna ƙarfin ƙafa da wat suke aunawa, kuma a ƙiyasi mutum matsakaici a fili yana bukatar wajen wat 100 don ya riƙe 25, wajen 150 zuwa 170 don 30, sama da 300 don 40. Ka duba tsallen. In ka kai 30 kaso mafi yawa na wahalarka, kusan 80 cikin 100, iska kake yi wa, ba nauyin keke ba, ba taya ba. Don haka lanƙwasar kan nan ba ado ba ce, in ka sauke hannu ƙasa ka duƙa za ka ga lamba ta ƙaru da 2 ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Kuma don haka ne wanda ya hau da kaftani ko babbar riga ya ɓata kuɗinsa, rigar za ta cika da iska kamar ka buɗe lema kana gudu. Ba sai ka sa matsattsun kayan nan da za su sa dattawan majalisa su yi ta a'uziyya ba, ni wandon motsa jiki nake sawa da riga mai ɗan kama jiki, ya wadatar.

Sannan ga iskar gaske. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar daga arewa maso gabas take busowa, to in ka ɗauki hanyar Maiduguri wajen Darazo da hantsi gaba da gaba za ku yi da ita, ka ga 18 kana takawa kamar ranka zai fita, ga ƙura a maƙogwaro, leɓe ya tsage. Da ka juyo kuma sai ka ga 34 kana murmushi ka ɗauka ka zama gwani. Hanyar Jos akasin haka ce, iskar na tura ka a tafiya ta tare ka a dawowa, sai dai can kuma akwai hawa, Bauchi tana wajen mita 600 ne sama da teku Jos kuwa ta haura 1,200, don haka duk da akwai gangare nan da can, a dunƙule sama kake yi. Ni ina zuwa wajen Miri da Buzaye in juyo, dutsen Zaranda na gefe, kuma kullum dawowar ta fi tafiyar sauri in dai iska ba ta tashi ba. A hawa ne kaɗai nauyi ke magana, kuma nauyin naka ya fi na keken muhimmanci, mai kilo 90 da ke neman keken da ya fi wani rashin nauyi da rabin kilo gara ya fara da rage tuwon dare.

Masu cewa ai sun gani a talabijin ana 60, bari mu je wajen waɗanda sana'arsu ke nan. Tour de France ta Faransa, tseren mako 3 mai zango 21 da ke cin sama da kilomita 3,000, wanda ya ci a shekarun nan matsakaicinsa 41 ne zuwa 43, kuma wannan a cikin gungun mutum sama da 170 ne suna kare wa juna iska, an rufe musu hanya, mota na biye da su da ruwa da tayar canji, kekensu bai wuce kilo 7 da wani abu ba don doka ma ta hana ya gaza 6.8. Gudun 65 zuwa 70 da kake gani na mita 200 ɗin ƙarshe ne, inda irin su Biniam Girmay ɗan Eritiriya ke cin abincinsu, shi ne ya ci zango 3 a 2024 ya tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki. Mutum shi kaɗai kuma ba mai kare masa iska, tsawon awa guda cur, bajintar duniya tana hannun Filippo Ganna ɗan Italiya, kilomita 56.792 a Oktoban 2022 a Suwizalan, a cikin rufaffen fili mai daɓen katako, da keken da aka ƙera don shi kaɗai. Eddy Merckx da ake ce wa gwanin gwanaye 49.431 ya yi a 1972 a Meziko. A mata Vittoria Bussi ce ta fara haura 50 a 2023. To in wanda ya fi kowa a duniya bai kai 57 ba, yaron da ya kure ɗan acaba a hanyar Jos sai a kai shi Olamfik kawai. Af, mu ma mun je fa, Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke a Paris a 2024, har sai da 'yan Jamus suka ara mata keke a wani ɓangaren gasar, wannan kuma wani zancen ne na daban mai ɓata rai.

Giyar kanta ba ita ce ta hana ka ba, lissafin mai sauƙi ne. Tayar nan zagaye ɗaya mita 2.1 take ci. In ka sa sarƙa a 50 a gaba da 11 a baya, duk juyin feda ɗaya taya ta juya sau 4 da rabi, wato mita 9 da rabi, in kana juya feda sau 90 a minti ka kusa 52 a awa. Keken ya yarda, ƙafarka ce ba ta yarda ba. Ni yawancin tafiyata a 50 da 19 nake ko 50 da 17, nan ne 26 zuwa 30 suke. Kuma shawara ga sabon shiga, kada ka sa giya mai nauyi kana nishi kana takawa a hankali don a ce kai namiji ne, gwiwa za ka kashe, sa mai sauƙi ka juya da sauri. Wajen canza giya kam Sora ɗin nan ba ta ba ni matsala ba, ana saita ta sau ɗaya shi ke nan, sai dai a riƙa goge sarƙa a sa mai don ƙurar Bauchi ba ta da tausayi.

Hanya ɗaya da na ga lamba ta tashi da gaske ba tare da na canza komai ba ita ce tafiya a layi. Akwai wasu abokai da muke haɗuwa ranar Asabar bayan sallar asuba, in muka jera taya bayan taya muna karɓa-karɓa a gaba, matsakaicin na kai 30 zuwa 32, don wanda ke baya yana rage kusan kashi 30 cikin 100 na wahala. Wannan dabarar ce in aka kai ta ƙarshe ta ba Denise Mueller-Korenek 'yar Amurka damar yin kilomita 296 a awa a 2018, a bayan motar tsere da ke tare mata iska, a wani filin gishiri. Amma don Allah samari kada wannan ya sa ku bin bayan tirela ko tankar mai a hanyar Gombe, na ga masu yi wajen gangaren Dindima, direba bai san kana nan ba, ramin da ya haye kai ba ka gan shi ba, in ya taka birki kuma sai dai a yi wa iyayenka gaisuwa.

Yanzu ɓangaren da ba daɗi. Tayar 25 ba a yi ta don gefen titinmu ba. Da ka sauka daga kwalta ka shiga yashi sai ta nutse kan ya karkace, hanyar unguwa marar kwalta kuma sai dai ka sauka ka tura. Fasassun kwalabe, wayar tsohuwar tayar mota, tsidau da ƙarangiya in damina ta wuce, duk abincinta ne. In iskar taya ta yi ƙasa ka daki bakin rami tub ɗin zai huje wuri biyu lokaci guda. Tana son iska mai yawa, 80 zuwa 90 a ma'aunin famfo, kuma bawul ɗin siriri ne ba irin na mashin ba, don haka na mai facin bakin titi ba ya shiga. Wani dattijo mai gyaran keke da nake zuwa wajensa ya juya tayar ya sake juyawa ya ce "Ɗana, wannan ai ba taya ba ce, igiyar guga ce, me za ta ɗauka?" Na ce Baba ni kaɗai za ta ɗauka. Faci kam ya iya shi fiye da kowa, ya kuma miƙe min gargaren baya da ya ɗan yi rawa, amma iska sai da na nemo ɗan ƙaramin bakin da ake ɗaurawa a kan bawul kafin famfonsa ya yi aiki. Tub da taya na canji ni daga Kano nake sa a sako min a mota, wani lokacin Jos. Duk wanda zai sayi irin wannan ya sa kuɗin famfo mai ma'auni da tub 2 da hular kwano da fitilar baya a cikin lissafinsa tun farko, kada ya ƙarar da kuɗin a kan keken ya dawo yana jingine da shi a zaure.

Sirdin ma sai an yi haƙuri, makon farko zama a kujera sai da dabara, daga baya jiki ya saba. Birkinsa na roba ne mai matse gargare, a bushe yana kamawa sosai, in ruwan sama ya jiƙa shi sai ya yi jinkiri kafin ya kama, to a damina a rage rawar kai.

Zafi kuma shi ma yana cin gudu. A Maris da Afrilu da rana ke kai 40, tafiyar da na yi a 27 da sanyin asuba ba na iya yin ta a 23 da ƙarfe 11, gora biyu ta ruwa ba ta isa. Da azumi kuwa sai dai ɗan zagaye kaɗan dab da magariba ko a ajiye shi sai bayan sallah.

Wa ya kamata ya saya? In gidanka da wajen aikinka duk a bakin kwalta suke, ko kana son fita bayan gari da safe don lafiyar jikinka, kuma ba kaya za ka ɗauka ba, saye shi, za ka ji daɗin da keken dutse ba zai ba ka ba, musamman yadda yake amsawa da ka taka. In buhun masara za ka ɗauko daga Muda Lawal, ko za ka goya yaro zuwa Islamiyya, ko layinku yashi ne da kwazazzabo, Phoenix ɗin babanka ya fi maka. In kuma don 70 ɗin nan za ka saya, ka ƙara kuɗi ka sayi mashin.

Wajen dubawa kafin ka biya, ka bi duk mahaɗin walda da ido ko akwai tsaga, ka ƙwanƙwasa ƙafar kabon ɗin ka duba ta da kyau don ita ba ta lanƙwasa karyewa take yi, ka juya tayoyin ka ga ko suna rawa, ka shafa gefen gargare inda birki ke ci ko ya yi rami, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya kana kan keken ba a ɗage ba. Ka kuma duba tazarar da ke tsakanin taya da jikin keken, in akwai wuri ka sa taya 28 maimakon 25. Nawa akwai wurin, na riga na aika Kano a kawo min, a irin kwaltarmu mai faci-faci mai faɗin ba ta rage gudu, tana ma rage hujewa da girgizar hannu.